Sanyin Amurum da baƙin tsuntsayen Turai

Kurmin Amurum yana gabas da Jos, tafiyar kilomita 15 ko makamancin haka, a ƙasar Laminga. Ba wani ƙaton daji ba ne, faɗinsa wajen hekta 300 ne, amma an ga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take tun 2001, tana aiki tare da Jami'ar Jos da mutanen garin. 'Yar yayata, wadda ke karatun digiri na biyu a wannan fanni, ita ta ce suna neman mai rubutu lokacin sa wa tsuntsaye zobe, domin mai riƙe da tsuntsu ba shi da hannun riƙe fensir. Ni malamin makaranta ne, hutun Disamba ya zo, rubutuna kuma yana karantuwa. Na ce zan zo. An ce sa kai ya fi bauta ciwo, duk wanda ya taɓa rabuwa da bargo da asubar hunturu a Filato ba sai an yi masa bayani ba.

Layin farko na takardar da ake cikewa aka fara koya mini, shi kuwa babu tsuntsu a cikinsa. Kwanan wata, lokaci, abin da ma'aunin zafi ya nuna, ƙarfin iska, kaurin hazo, ko akwai gajimare. Ma'aunin a inuwa ake rataye shi, daidai ƙirjin mutum. Ba a ajiye shi kan dutse, ba a kuma karanta shi a hannu, don ɗumin tafi yana ƙara masa. Iska da ido ake auna ta: ganye ne kawai ke motsi, ko ƙananan rassa, ko itacen gaba ɗaya. Hazo kuwa duwatsu ne ma'auninsa. Wani dattijo ɗan garin da ya daɗe a aikin ragar kama tsuntsaye, wanda kowa ke kira Baba, ya nuna mini duwatsu uku, na kusa, na tsakiya, da na can nesa wajen tsaunukan Shere. Da gari ya waye sai in duba. In ana ganin na nesa, sama ta wanke. In ya ɓace amma na tsakiya na nan, hazon yau da kullum ne. Ranar da na tsakiyan ma ya shige, to rana ba za ta yi ƙarfi ba, sanyi zai kai hantsi, tsuntsaye kuma za su makara.

Sanyin nan yana da dalilansa. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, kuma duk hawan mita 1,000 iska takan rage zafi da wajen digiri 6 da rabi. Ga kuma hunturu kansa, iskar arewa maso gabas, busasshiya ƙarau, ba danshi a cikinta balle gajimaren da zai tare ɗumin da ƙasa ta sha da rana. Rana na faɗuwa ɗumin ya tsere sama. Shi ya sa daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 11, wani lokacin ƙasa da 10, alhali da azahar mutum inuwa yake nema. Ƙurar da iskar ke ɗauke da ita, mai yawa daga kwarin Bodele take a ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙasa ta yi sama da ita. Ita muke gogewa a gilashin madubin hangen nesa kowace safiya, ita ce kuma ke fasa mana leɓe sai an bi da man kaɗanya.

Dajin kashi uku ne: manyan duwatsu a tsibe, fili mai ciyawa da sarƙaƙiya da itatuwa jefi-jefi irin su ɗorawa da maje da ɗinya, sai kurmi mai duhu da ke bin kwarin rafi. Mai hankali zai ce kurmi ya fi ɗumi tunda akwai rufi. Baba ya ce, "Malam, in ɗumi kake so hau dutse." Gaskiyarsa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, cikin dare sai ta gangara ta kwanta a kwari. Nakan karanta ma'auni a bakin kurmi in ga 9, in haura gefen dutse in tarar da 12 ko 13, duk a cikin tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Wannan ɗan bambancin shi ke faɗa maka inda tsuntsu zai fara bayyana.

Muna idar da sallar asuba muke fita da tocila. Ragar baƙa ce, zarenta siriri ƙwarai, tsawonta mita 12 ko 18, a ɗaure tsakanin sanduna biyu, tana da igiyoyi a kwance da ke sa ta yi aljihu hawa-hawa. Da dare a naɗe take. Kafin haske ya fito ake warware ta, don tsuntsu kada ya ga ana yi. Yatsu a sandare, ƙulli ya ƙi kwancewa, kowa ya yi shiru sai huci. Tsuntsun da ya taso daga sarƙaƙiya ba ya ganin ragar a gaban duhun ganye, sai ya buge ta ya faɗa aljihu ya kwanta.

Cire shi aikin masu horo ne, ni ba a ba ni ba, ban kuma roƙa ba. Na dai tsaya ina haska wa 'yar yayata. Takan fara gano ta wane gefe ya shiga, ta kama ƙafafu ta warware su, sannan fiffike ɗaya, kai, sai ɗaya fiffiken, ta zura shi cikin 'yar jakar yadi ta ja bakin. A ƙa'ida duk rabin awa ake zagaya raga. Ranar da ma'auni ya yi ƙasa sai a rage, don ƙaramin tsuntsun da ke rataye ba ya iya buɗa gashinsa ya tare ɗumi, kuma bai ci komai ba tun jiya. Wanda aka ga ya yi laushi, idonsa na lumshewa, ba a tsaya auna shi. Baba yakan sa jakar cikin rigar sanyinsa, jikin ƙirjinsa, ya ci gaba da tafiya. Bayan ɗan lokaci sai ka ji abu na mutsu-mutsu, a buɗe masa ya tashi.

A teburin aiki ni ne mai fensir. Fensir, ba biro ba, don rubutunsa ba ya narkewa in ruwa ya taɓa takarda. Mai zobe yana riƙe da tsuntsu, wuyansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, bayansa a tafin hannu. Yana faɗi ina maimaitawa da ƙarfi kafin in rubuta: irin tsuntsu, lambar zobe, yaro ne ko babba, mace ko namiji, tsawon fiffike, kitse, nauyi, lokaci. Zoben na ƙarfe ne marar nauyi, kowane da lambarsa da ba a maimaitawa, ana matse shi da wata filaya mai ramuka yadda zai riƙa juyawa a ƙafa ba tare da ya zame ba. Fiffike a kan rula mai tokari ake miƙar da shi. Nauyi kuwa, a zura tsuntsu da kai cikin ɗan kwarkwaro a ɗora a sikeli, ƙafafu a sama. Ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar, amma ban taɓa ganin wanda ya yarda da wannan wulaƙanci ba.

"Kawu, lokaci," haka take tuna mini duk sanda na tsallake wannan gurbin. Dalilinta mai ƙarfi ne. Ƙaramin tsuntsu yana kwana yana ƙona abin da ya tara don ya riƙe zafin jikinsa, wanda ya haura digiri 40. Da asuba ya fi kowane lokaci rashin nauyi, yana ci yana ƙaruwa har yamma. Nauyin da ba a rubuta lokacinsa ba, ba a san da me za a gwada shi ba.

Sai ga baƙin, wato tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Na farko da na gani a kusa wata 'yar toka-toka ce mai farin maƙogwaro, fiffikenta da ratsin jan ƙasa, wutsiya doguwa da farin gefe. Masana na kiranta Sylvia communis ko Curruca communis. Ba ta da wani kyau da za a tsaya kallo, kuma da a gona na gan ta da ban waiwaya ba. A Turai aka ƙyanƙyashe ta. Ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara, hamadar da faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, akasari da dare take tafiya, ta zo ta sauka a wannan sarƙaƙiya. "Fiffike 72." Na maimaita. Sai 'yar yayata ta kifa ta a tafi, ta kawo ta kusa da baki, ta hura gashin ƙirjinta a hankali. Gashin ya dare. Fatar siririya ce har ana ganin abin da ke ƙarƙashi: jan nama a ɓangare biyu na ƙashin ƙirji, da wani ɗan rami tsakanin wuya da ƙirji. A ramin nan ake duba kitse, launinsa ruwan ɗorawa. Ana ba shi maki daga 0 zuwa 8. Wannan ɗan ɗigo ne kawai a gindin ramin. "Kitse 1. Nauyi 14.3." Ta buɗe hannu, tsuntsuwar ta yi ƙasa-ƙasa ta shige ƙaya.

Na tambaya, ga sanyi ga abinci, me ya hana ta cika ramin? Amsar ta zauna mini. Tsuntsu mai ƙiba ba ya tashi da sauri, shaho kuwa ba ya jira. Don haka takan ɗauki abin da zai kai ta gobe da safe ne kawai, da ɗan ƙari in dare ya yi tsanani. Sai tafiya ta matso, a Maris da Afrilu, take ɗura ci har ta haura giram 20. Akwai ma wadda ta fi ta ƙanƙanta, wata 'yar kore-kore mai bin ganye tana tsince ƙwari, nauyinta giram 8 zuwa 9, wato dunƙulen magi biyu, ita ma wannan hanyar ta biyo. Sanyin da ya sa mu hula da safar hannu, su wajensu sauƙi ne. Abin da ya koro su daga can ma yunwa ce tun kafin sanyi: in ƙanƙara ta sauka kuma yini ya gajarta, ƙwari sun ƙare.

Abin da ya fi sa teburin ya motsa shi ne tsuntsun da ya zo da tsohon zobe. Sai a karanta lambar sau biyu, ni ma in maimaita sau biyu, a buɗe tsohon littafi. Ka tarar an kama shi bara, wani lokacin a ragar nan dai, ko ta kusa da ita. Ya je Turai, ya yi sheƙa, ya dawo gindin itacen da ya bari. Wannan ɗabi'a ita ta ba masu bincike damar gano inda suke zuwa. Sun riƙa goya wa wasu wata 'yar na'ura da ba ta kai giram 1 ba, ba ta aika saƙo, haske kawai take rubutawa da lokaci. Tsawon yini yana nuna nisan wuri arewa ko kudu, lokacin da rana ta take tsaka yana nuna gabas ko yamma. Sai an sake kama tsuntsun a cire na'urar sannan a karanta. Ta haka aka ga masu farin maƙogwaron Jos, da wani mai farar gira da ke son tsayawa kan karan dawa a gonakin da aka girbe, akasari gabashin Turai suke komawa. Kuma abin da ya same mu yana samunsu. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Birtaniya sun wayi gari masu farin maƙogwaro sun ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu, farin da ya fara a yankin Sahel ne, wanda ya zo ya yi wa dabbobi da mutanenmu ɓarnar da har yau tsofaffi ke ba da labari.

Wani abu da ya ɗaure mini kai shi ne lantana, wannan ƙayar mai fure kala-kala da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe. Asalinta daga nahiyar Amurka take, ta bazu a Filato tana danne tsiron gida, masu kula da daji ba sa ƙaunarta. Amma a rani, lokacin da komai ya bushe, 'ya'yanta ne baƙin nan da 'yan gida ke ci, kashinsu a jakunkunan yadi duk irinta ne, su ne kuma ke yaɗa ta. A ganina duk mai cewa a tumɓuke ta gaba ɗaya, ya fara faɗin abin da zai shuka a gurbinta.

Ranar da ba a buɗe raga ba, sai mu hau dutse mu zauna, a rubuta duk abin da aka gani ko aka ji cikin ƙayyadadden lokaci. Nan ne na ga yadda rana ke tada daji bi da bi. Kazar dutse ce ke fara kira tun da sauran duhu, garke guda suna amsa wa juna daga tsagin duwatsu. Bayan su sai a yi ɗan tsit. Da hasken farko ya taɓa kan itatuwan da ke fuskantar gabas, sai ka ga kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye sun jeru a busassun rassa, kowa ya buɗa gashi ya zama dunƙule, ba ci ba kuka, rana kawai suke sha. Masu cin tsaba su ke fara sauka, don tsabar ciyawa ba ta san sanyi ba. Masu shan fure su bi kauci a kan ɗorawa. Masu cin ƙwari su ne ƙarshe, tunda ƙwaron da sanyi ya kama ba ya motsi, wanda ba ya motsi kuma ba a ganinsa. Agwada sukan fito su baje a kan dutse, ƙadangare kuwa sai hantsi ya dubi ludayi. Kurmin da ke ƙasa shi ke makara duka, sai rana ta leƙa kwarin sannan ka ji ɗan'uwan kulkulu, mai shuɗin jiki da rawayan goshi, yana gurnani. In ya buɗe fiffike ja ne wur, kuma jan nan akwai sinadarin tagulla a cikinsa. Wajen ƙarfe goma iska ke tashi. In ranar raga ce, a nan ake naɗewa, don ragar da iska ta kumbura tsuntsu na ganinta, wanda ya faɗa kuma yana iya jin ciwo.

Tsuntsun da masu ziyara ke zuwa Amurum dominsa ɗan gida ne, ba'un dutse. Ɗan'uwan ba'un nan ne da ke tsince tsaki a tsakar gida, sai dai shi bakinsa shuɗi-shuɗi ne mai toka, kansa toka-toka, bayan namijin ja. Ban da Filato da duwatsun da ke kewaye, sai tsaunukan Mandara na iyakar Najeriya da Kamaru ake samunsa. Da rani ruwa ke fito da shi. Baba ya kai ni wani ɗan gurbi a kwarin rafi inda ruwa bai ƙafe ba, muka zauna ba motsi har ƙafata ta yi sanyi. Asisi suka zo suka tafi. Sannan mace da namiji suka sauko tare, suka tsaya kan wani reshe suna dube-dube, namijin ya sha sau uku ko huɗu yana ɗaga kai, macen ta bi, suka koma sama wajen duwatsu. Duk abin bai kai minti guda ba.

Yadda aka gano shi ya fi ganinsa daɗi. Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk mai sheƙi a Filato da ba ya yin sheƙa, sai macen ta je ta saka ƙwai a sheƙar wani. 'Ya'yanta ba sa kashe 'ya'yan masu gida, tare ake renonsu, kuma zanen cikin bakinsu iri ɗaya ne da na 'ya'yan gidan, don haka uwar riƙo ba ta bambancewa. Namijin in ya girma yana saka kukan waɗanda suka rene shi cikin nasa, macen da aka rena a irin wannan gida kuma mai wannan kukan take zaɓa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan na gidan riƙo yake yi. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne na Jami'ar Mishigan, ya saurari kukan ya ji yana kwaikwayon wani ba'u da bai dace da waɗanda aka sani ba. Bin wannan kukan ne ya kai ga bayyana ba'un dutse a matsayin iri mai zaman kansa a 1998. Mutanen da ke zaune gindin duwatsun nan tun kaka da kakanni suna ganinsa, littafi ne ya makara.

Takarda tana kuma nuna waɗanda ba su nan. Shamuwa ta yi kudu, can bayan tsakiyar duniya, sai damina. Jajayen tsuntsayen fadama da masu saƙa sheƙa sun tuɓe kayan ado sun koma kalar busasshiyar ciyawa, har masu zobe sukan tsaya suna gardama a kansu da rula a hannu. Shirwa kuwa ta yi yawa, kuma ita ce ke fara sanar da gobara: in ka hango su sun taru suna shawagi wuri ɗaya, akwai hayaƙi a ƙasa, fara suke kamawa tana gudun wuta. Ganin haka Baba ba ya jiran a gama lissafi, sai ya sauka ya duba ta ina iska ke kaɗa ta.

Da aka koma makaranta sai zuwana ya koma na ƙarshen mako, aikina kuma ya ƙaru da shigar da takardu cikin kwamfuta. Aiki ne mai gundura amma a nan ake kama kurakurai: lambar zobe ɗaya a kan tsuntsaye iri biyu, ko fiffiken da ya fi ƙarfin mai shi. Duk abin da ake shakka ba a gyara shi da ka, alama ake sa masa a koma ga asalin takarda. A nan ne kuma na ga layin farko ya yi amfani, don in ka jera safiyoyi sai ka ga masu tsananin sanyi da hazo kamun farko ba ya yawa, sai zagaye na uku ko na huɗu.

Daga tsakiyar Fabrairu ma'auni ya fara hawa, aka ajiye safar hannu. A ƙarshen Maris masu farin maƙogwaro suka fara zuwa da kitse 5 da 6, ramin wuya ya cika ya tuɗo har ya rufe ciki, sikeli na nuna 19 da 20. Irin waɗannan ba a daɗewa da su a hannu. Kafin Afrilu ya ƙare sun yi ƙaranci a raga, ruwan farko ya sauka, gurbin da aka fi cikewa a takarda ya koma wani: a hura cikin macen 'yar gida a ga ko ta zubar da gashin wurin don kwanci.